Muryar da Ta Ware Mini

…kuma ba laɓe nake yi ba, Kaka, kada ki fara. Ƙusa na sauko ɗauka. Ga gwangwanin a hannuna, ga guduma a ƙugu, ga tsani can jingine da bango yana jira in koma kan kwano. Kawai dai a ƙarƙashin taga na ajiye gwangwanin, tagar kuma a buɗe take, muryarta kuma ta nan take fitowa. Ni na buɗe tagar?

Da kina raye da kin ce, "Angona, yau kuma kunne ne ya yi tsawo, ba ƙafa ba?" Ƙafar ma tana nan yadda kika san ta. Ƙaiƙayi take. Garba direba ya ce bayan azahar motarsa za ta tashi daga Kawo, sai Legas, akwai wuri a gaba in ina so. Ina so. Jakata tana wurin mai shayi a bakin titi tun da safe. Ban gaya wa kowa ba… wa zan gaya wa? Yaya ake yin sallama da mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dube ka ba?

Garejin Malama Rebecca ne wannan, a Unguwar Rimi. Ba ki san shi ba, bayan rasuwarki aka buɗe. Ta fitar da mota ta zuba tabarmi da ƙananan benci, ya zama ajin raino. 'Ya'yan ma'aikata, 'yan shekara uku da huɗu, iyayensu mata duk sun kama aikin ofis yanzu. Kwanon yana yoyo, damina ta kusa, aka ce ai ga wani zaune a gida ba ya komai. Ni ke nan. Mai kula da yaran kuwa — Yaya ce.

Yaya. Uwata, wadda ta haife ni. Ke kika sa mini wannan kiran a baki, ranar da aka yaye ni aka miƙa miki ni a Unguwar Kanawa, tunda ɗan fari na kakarsa ne, uwa kunyarsa take ji. Ni ina ce mata Yaya. Su kuwa waɗannan, 'ya'yan mutane, masu majina har leɓe, Inna suke ce mata. Inna, Inna, Inna… kamar kuɗinsu suka sa suka saya.

Ji. Hayaniya ta tashi a ciki. Wani yana buga benci, wata ta fashe da kuka, sauran sun ɗauka gaba ɗaya kamar kasuwar kaji. Ni da tuni na daka tsawa. A Apapa, can Legas, a bakin jirgin siminti, wanda bai iya tsawa ba buhu ne zai sauka a kansa. Ka buɗe ƙirji ka yi ihu har jijiyar wuya ta tashi, da Hausa, da Yarabanci, da guntun Turanci, da zagi — ihun ne yare, sauran duk ado. Shekaru ina yi. Makogwarona har yanzu akwai siminti a ciki, in na yi sallama kajin gidanmu watsewa suke.

Ita kuwa ƙasa take yi.

Ban taɓa ganin haka ba. Suna hawa, tana sauka. Ta durƙusa, ina ganin saman ɗankwalinta kawai ta taga, ta rage murya har sai ka miƙa wuya. "Wa ya ji abin da ƙadangare ya gaya mini da safe?" Shi ke nan. Kamar an rufe famfo. Mai buga benci ya bar hannu a sama. Mai kuka ta haɗiye rabin kukan don kada labarin ya wuce ta. Sun matso, sun matso, kawuna sun haɗu… ni ma, Kaka, wallahi na matso. Ƙato da ni, da gashin baki, na manna kunne a bangon gareji ina son in ji me ƙadangare ya ce.

Ban ji ba. Ba da ni ake ba.

Tana da su da yawa, muryoyin. Tun safe nake tsintar su ɗaya-ɗaya kamar ƙusar da ta zube. Akwai ta tarba a ƙofa, mai tashi sama a ƙarshe, kamar kowane yaro baƙo ne daga Makka. Akwai ta raba faɗa, gajeriya, da dariya a ɓoye a gindinta: "Iliya, sakar masa kunne. Naka biyu suna nan, ban ga wanda ya ɗauka ba." Akwai ta wanda ya jiƙa wando, wadda ba mai ji sai shi. Akwai ta Zuwaira —

Zuwaira ita ce mai rawayar riga, wadda kullum in uwarta ta sauke ta sai ta riƙe ƙarfen ƙofa tana kuka har motar ta sha kwana. Yaya ba ta ɓamɓare ta. Tsugunawa take kusa da ita, ta ja sunan a hankali, Zuwaaaira, kamar mai warware zare daga ƙaya. Ɗazu yarinyar ta tsaya a gindin tsanina, ta ɗaga kai. "Mai guduma, daga can sama ana ganin ofishin Mama?" Na ce mata, da muryar 'yan tasha, "Ofis? Har Legas ake gani, 'yammata!" Ta buɗe baki. Na ji daɗi, an burge yarinya.

Zuwaaaira. Ashe haka take jan suna.

Nawa ba ta taɓa faɗa ba. Na sani, na sani, ba sai kin tuna mini ba: ba a faɗa. Babu uwar kirki da ke kiran sunan ɗan fari. Abokaina 'yan fari duk haka suka tashi, ba wanda ya mutu. Ba sunan ne yake ci mini rai ba ma. Muryar ce.

Ranar da na dawo — kin ga da kina nan da an yi guɗa har bakin titi — ƙanwata Sa'adiya ta saki tsintsiya ta yi ihu, ƙanena Jibrin ya fizge jakar yana tsalle, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Yaya tana kan kujera 'yar tsugunne tana tsince shinkafa. Ba ta ɗaga kai ba. "An dawo?" Na ce an dawo. "Sa'adiya, a ba shi ruwa." Murya shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, ba tudu ba kwari. Ba gishiri, ba sukari. Irin muryar da ake tambayar ko an ɗaure akuya. Shekaru ba na nan, ba su san ko ina raye ba, har labarin rasuwarki a bakin wani mai goro na ji a Agege, bayan an daɗe da share makoki… An dawo?

Kuma da ita take mini magana kullum. An ci abinci? A rufe ƙofa in an shigo. An, a, an. Kamar ni ba mutum ɗaya ba ne, wani taro ne da ba a san shugabansa ba. Jibrin tana masa tsawa har da jifa da takalmi, ya gudu yana dariya. Ina kallonsa ina — Kaka, kin taɓa ganin wanda ke kishin jifa da takalmi?

Malama Rebecca ba ta gane wannan abin, ko kuma ta gane take tsokana. Da gangan take ƙwala kira daga kicin, "Maman Yusha'u!" Yaya ta yi kamar da bishiyar mangwaro ake. "Kai, ku da kunyar nan taku! Mu a wajenmu ɗan fari a cinya yake zama har gemu ya fito masa." Yaya ta ce, "Malama, madarar yaran tana hucewa." Malama ta bushe da dariya, ta dube ni, ta ce, "Kar ka damu, ɗana, in ba ta so ni ina so." Na yi dariya. Me zan yi?

Kawu ya samo mini aikin masinja a sakatariya, ban je ba. An ce ana ɗaukar mutane a masaƙa, ban je ba. In na zauna a zaure sai in ji bango yana matsowa. A Legas ina kwana a kan buhu ina mafarkin tsakar gidanmu. Ga ni a tsakar gidan ina jin ƙahon jirgin ruwa. To ina ne wurin? In dai muryar nan ce rabona, ai daga nesa ma zan iya tuna ta, ba ta da nauyin ɗauka.

Ga Malama tana kira. "Yusha'u! Zo ka ɗaukar mini tukunyar nan, ƙarfinka ya yi amfani." To. In ajiye gwangwani. In zaga baya. Tukunyar madara, da zafi, sai da tsumma. Yara sun fito shan iska, ina jin ƙafafunsu a tsakar gida. Wannan ne aiki na ƙarshe. In ajiye, in hau, in buga abin da ya rage, in wanke hannu, in ce zan je masallaci — ba ƙarya na yi ba, zan je — daga can sai Kawo. Gobe Sa'adiya ta gaya wa Yaya. Ta ce, "An tafi?"

Me ya sa suka yi shiru?

Yara ba sa shiru haka. Iliya ya ɗaga hannu yana nuna sama, baki buɗe. Tsani. Tsanina, a jingine, yadda na bar shi. Takalmi ƙwaya ɗaya a gindinsa, ɗan ƙarami…

Rawayar riga. A kan kwano.

Innalillahi. Tana can sama, ta bar tsanin a bayanta, tana takawa zuwa baki, wajen titi, inda kwanon ya gangara. Ƙafa ba takalmi, rana ta gasa kwanon, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye ta ɗaga ɗaya. Ƙasan wurin siminti ne. Gaba kaɗan katanga, da fasassun kwalabe a kanta. Har Legas ake gani, 'yammata. Ni. Bakina.

Ihun ya taso. Ina jin shi, daga ciki, irin na bakin jirgi, wanda ke tsayar da ƙato da buhu a ka — ya cika ƙirji, ya hau wuya, KE! — tukunya a hannuna, Malama a bayana ta toshe baki da hannu biyu tana "Yesu, Yesu" can ƙasa —

Hannu. Yaya ta fito ƙofar gareji, ba ta dube ni ba, ta miƙo hannu baya, tafin yana kallon ƙasa. Ta danna iska sau ɗaya. Na haɗiye. Kamar na haɗiye dutse.

Ba ta gudu. Me ya sa ba ta gudu? Tafiya take kamar za ta kwashe shanya. "Kowa ya zauna a inda yake." Suka zube a ƙasa, duka, ba wanda ya yi tari. Ta tsaya daidai ƙarƙashin yarinyar. Ta ɗaga kai kaɗan.

"Zuwaira. Tsaya nan. Me kike gani?"

Ba ta ja sunan ba. A yanke ta faɗe shi.

"Inna, ban ga Mama ba."

"To. Me kika gani?"

"…Akuya."

"Wace iri?"

"Baƙa. Tana cin kwali."

"Ci gaba da kallonta. Ki gaya mini in ta cinye."

Yarinyar ta tsaya. Ta tsaya, Kaka! Yatsun ƙafarta a bakin kwano, tana kallon akuya da gaske, kamar aikin da aka ba ta ke nan a duniya. Yaya ba ta juyo ba, ba ta sake murya ba, ta ce wa iska: "A hau."

Ni ke nan. Tukunya a ƙasa — yaushe na ajiye? Tsani. Kada ya yi ƙara, kada ya yi ƙara. Malama ta riƙe gindinsa. Ina hawa. Ƙasa ana ci gaba: tana da ɗa, akuyar? Wa ya ɗaure ta? Shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari, ba gishiri ba —

Tsaya.

Na san muryar nan.

A'a. Ba yanzu ba. Hau. Amma na san ta, na san ta kamar tabon da ke gwiwata, duk safiyar nan ban ji ta yi wa yaro ko ɗaya ita ba, na ɗauka ni kaɗai ne — An dawo? A ba shi ruwa. Ita ce. Ita ce sak. Me take yi a nan? Me muryata take yi a bakin kwano?

Hau, Yusha'u.

Kaina ya kai sama. Zafin kwano ya bugi fuskata. Ga ta can, bayanta gare ni, kitso biyu, ɗaya ya fara warwarewa. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Amma kwano ne. In na ɗora gwiwa zai yi ɓaram, ta firgita, ta waiwayo da sauri, ƙafa ta zame… Sai na yi magana tukuna. Sai ta san ina nan kafin kwanon ya gaya mata.

Da wace murya? Ta bakin jirgi? Ta 'yan tasha, wadda ta hau da ita nan? In na yi lallashi za ta juyo ta taho da gudu. In ta ji tsoro a bakina za ta duba ƙasa. Ba ni da wata. Duk yawon da na yi ban samo wata ba. Sai guda ɗaya da na haddace tun ina yaro, ba don ina so ba.

"Zuwaira. Mai guduma ne. Kar ki juyo, akuyar za ta gudu. Zan zo mu gani tare. Kwano zai yi ƙara, ba komai."

Ta fita. Shimfiɗaɗɗiya. Tawa ce kuwa?

Wayyo, Kaka. Ashe haka ake yin ta.

Ashe ba rashin komai ba ne. Ashe sai ka tattaro duk abin da ke ƙirjinka — ihun, da rawar jiki, da Allah kar ka ɗauke ta, Allah ni ne, Allah ka ɗauki ƙafata a madadin — ka tura shi ƙasa, ka hau kai ka zauna, kamar mai danne buhun da ya fi ƙarfinsa, sannan ka bar 'yar siririyar iska ta fita ta sama, a miƙe. Haƙarƙarina ciwo yake. Kalma nawa na faɗa? Kuma har gumi ya jiƙe mini riga. Ɗaukar siminti bai taɓa gajiyar da ni haka ba.

Ɓaram. Gwiwa ɗaya. Ba ta juyo ba. "Ta kusa cinyewa," in ji ta. Na ce to, a miƙe. Ɓaram. Hannu… rigar… damtse. Na kama. Na kama! Ɗan damtse kamar sandar rake, da ɗumi. Na janyo ta jikina, ƙafafunta sun yi ja, zuciyarta ba ta ko bugawa da sauri, tawa ce ke dukan bayanta.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ƙarya ka yi. Ba a ganin Legas."

Ba a gani, 'yammata. Ba a gani.

Sauka. Ita a kafaɗa, hannu ɗaya a tsani. Ƙafata ta taɓa ƙasa, sai duniya ta dawo da ƙararta gaba ɗaya. Malama ta saki tsani ta saki kuka, tana godiya ga Allah tana dukan kafaɗata: "Kai da tsaninka! Kai da tsaninka, ɗan banza, Allah ya yi maka albarka!" Yaran da suka ga babba yana kuka su ma suka ɗauka. Yaya ta karɓi Zuwaira daga hannuna. Yatsunta sun gogi nawa — sanyi ƙalau, cikin wannan rana. Ta zauna a dakali, ta ɗora ta a cinya, ta jawo buta tana zuba mata ruwa a tafin ƙafa. Yanzu ne muryar ta karye. Yanzu ne ta ja sunan, Zuwaaaira, 'yar nan, 'yar nan, kin ga ƙafarki, wa ya ce ki… tana faɗa tana shafa kitson, faɗan yana rawa, bakin zaninta yana kaɗawa a gwiwa kamar iska ce, alhali ba iska.

Sai da yarinyar ta sauko. Kin lura? Sai da ta tabbata tana hannu sannan ta saki murya.

Ni fa?

Na zauna a wani ɗan benci, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. "A kwantar da tsanin nan," in ji Yaya, tana kallon buta. A miƙe. Na tashi na kwantar, na dawo na zauna.

Ranar da zan bar gida, da fari, tana tuƙa tuwo. Na tsaya a bayanta na ce zan tafi neman kuɗi. Muciya ba ta tsaya ba. "Allah ya kiyaye hanya." Na ɗauki wannan muryar na tafi da ita har bakin teku, duk daren da na so dawowa sai in fito da ita in saurara, in ce ka ji, ba wanda ke jiranka. Da na yi zazzaɓin nan a ɗakinki, ina ƙarami, har kuka fara karanta mini Yasin — ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. "Da sauƙi?" Na tuna hannunta a jikin ƙyaure. Ban tuna ko yana rawa ba. Yaro ba ya duba irin wannan.

A'a. Kada in yi wa kaina daɗin baki. Al'ada ce. Kunya ce, kowa ya sani, haka uwarta ta yi, haka uwar uwarta. Don na ji murya ɗaya a wuri biyu ba shi ne — amma al'ada suna ta hana. Ta hana ido, ta hana cinya. Ita ce ta zaɓa mata murya? Cikin duk muryoyin da ke bakinta, ga ta tarba, ga ta dariya, ga ma ta jifa da takalmi, me ya sa wannan? Wadda ake ajiye wa yaron da ke tsaye a bakin kwano, wanda in ka kira shi da ƙarfi zai faɗi, in ka kira shi da daɗi zai faɗi…

Tun yaushe nake tsaye a can sama a idonta? Tun da aka cire ni daga bayanta aka miƙa miki?

Ke fa, Kaka? Baba ɗan farinki ne. Na sha jin kina ce masa "An shigo?" kina kallon carbi, ni kuwa kina jana jikinki kina angona, angona. Me ke ƙarƙashin taki? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ko ba a faɗa shi ma? Ko kuwa ba komai a ƙasan, ni ne rana ta buga a kan kwano?

Ba za ki amsa ba. Ku duka haka kuke.

An fara kiran salla. Azahar. Garba ba ya jira, ya faɗa, in ya gama salla sai tuƙi. In na tashi yanzu, in na sami tasi a bakin titi… Iyaye sun fara tsayawa a ƙofa, masu Fijo, masu babur Basfa, ana kiran yara ɗaya-ɗaya. Malama ta wanke fuska, ta tsaya tana jiran uwar Zuwaira, ta ce ita za ta yi bayani da bakinta. Zuwaira tana gaya wa Iliya akuyar ta cinye kwalin har da igiya.

Mai shayin nan surutu gare shi. Jibrin ta gabansa yake wucewa zuwa makaranta, ya san jakata. Ya gaya wa Yaya? Ta sani tun safe? Da saninta ta yi labarin ƙadangare, ta raba faɗa, ta zuba madara?

Ga ta a ƙofar gareji, tana naɗe tabarmi. Bayanta gare ni. Ta naɗe ɗaya, ta jingine. Ta ɗauki wata. Ta tsaya. Ta ɗaga kai tana duban rufin daga ciki, inda a da rana ke shigowa. Ina ganin wuyanta daga nan, gefe ɗaya. Ta haɗiyi wani abu.

"Akwai sauran inda ke yoyo?"

Da rufi take magana. A miƙe, ba tudu ba kwari.

Babu, Kaka. Ƙusa biyu ko uku ne, na ado, ko an bar su ruwa ba zai shiga ba. Gaskiyar ke nan, kuma ita ma tana gani, ba haske ko ɗigo a rufin. Tabarmar tana hannunta, ba ta naɗe ba, ba ta ajiye ba. Jira take. Ba za ta juyo ba, na sani, ko za mu kwana a haka.

Na buɗe baki. Liman ya kusa tayar da salla. Kuma ban san… wallahi ban san da wace murya ake amsawa daga can sama ba.